Sa Hannun Kawu

Mutumin da ya zo sayen motar ba irin masu saye da ido ba ne. Tsohon akanta ne da ya ajiye aiki, siriri, da tabarau rataye a wuya, kuma da bakanikensa ya zo. A filin ajiye motoci na bayan asibiti suka haɗu da tsakar rana, Lauya na tsaye cikin farar rigar aiki, hankalinta rabi a nan rabi a kan marasa lafiyar da ta bari a benci suna jiran hoton ƙirji da na ƙashi.

Ita ba lauya ba ce. Aikinta ɗaukar hoto ne a ɗakin na'ura. Sunan ya bi ta tun tana ƙarama, lokacin da ba a aikenta sai ta tambayi dalili, ba a yanke mata hukunci sai ta nemi a kira shaidu.

Bakanike ya ɗaga murfin gaba, ya zaro sandar auna mai ya shinshina, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya tashi yana karkaɗe wando.

"Alhaji, inji lafiya lau. Giya ma ƙalau. Sai tayar baya guda da ta ci ƙasa."

"Zan rage muku na taya," in ji Lauya.

"Ba taya ce ta dame ni ba, 'yata," in ji Akanta. "Mu ga takardu."

Ta ciro su daga aljihun gaban mota. Ya sa tabarau. Bakanike yana karanto lambar inji, shi yana bin ta da yatsa a kan takarda. Komai ya yi daidai. Sai yatsan ya hau sama ya tsaya.

"Wannan ai sunan namiji ne."

"Kawuna ne. A wurinsa na saya."

"Madalla. Ina takardar cinikin?"

Ta ce, "Ba mu rubuta ba."

"Waɗannan kuma kwafi ne. Na asalin fa?"

"Suna wurinsa."

Akanta ya cire tabarau a hankali. Bai yi fushi ba, kuma hakan ya fi mata ciwo. Ya ce, "Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma na taɓa sayen mota a hannun mutumin kirki, wanda kowa ke wa shaida. Ina cikin jin daɗinta aka tare ni a hanya aka ce ta wani ce. Motar ta tafi, kuɗin ya tafi, ni kuma na gama takalmi guda ina zarya ofishin 'yan sanda. A idon hukuma, yau ɗin nan, motar kawunki kike so ki sayar mini. Ki samo takarda tsakaninki da shi, da sa hannunsa, da shaidu, da kwafin katin shaidarsa, da takardun asali. Sannan mu yi tamu. Ina son motar. Zan jira ki zuwa ƙarshen mako, daga nan akwai wata da na gani."

Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa, da ita ce a matsayinsa, haka za ta faɗa, har ma da ƙari.

Ta koma ɗakin na'ura tana ce wa mutane su ja numfashi su riƙe, ita kuma nata yana fita da ƙyar. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin na'urar duba ciki a wani gari, abin da ta daɗe tana nema, kuma an ce mata in ba ta biya kafin wata ya ƙare ba za a ba na bayanta. Ba ta da abin sayarwa sai motar nan. Kuma tata ce. Da guminta ta saye ta.

Ta tuna ranar sarai. Ta kama aiki ba da daɗewa ba, tana fama da motocin haya, sai ta ji Kawu zai rabu da tasa. Ta kwashe duk abin da ta tara ta zuba a ambulan, ta kuma buga takardar ciniki mai kyau ta ninke a jaka. A bakin ƙofar gida Inna, mahaifiyarta, ta tare ta.

"Kada ki kuskura ki fito wa yayana da takarda. Mutumin da ya riƙe ku tun rasuwar ubanku? Sai ka ce da baƙo za ki yi ciniki?"

A ofishin bayan kantinsa Kawu ya karɓi ambulan, ya jefa a durowa ko buɗewa bai yi ba, ya miƙo makulli ya ce Allah ya sa albarka. Ta sa hannu a jaka, yatsunta suka taɓa takardar, sai ta fito da hankici ta goge fuska. Shi ke nan cinikin.

Bayan 'yan makonni, an taru a gidansa, ta ji gwaggonni suna sa masa albarka: kai, wannan bawan Allah, ya ɗauki mota sukutum ya ba marainiya kyauta. Ta buɗe baki. Inna ta mintsine ta a cinya ta ƙarƙashin mayafi. Ta rufe. Tun daga nan kowace shekara ita ke sabunta lasisi da inshora da sunan Kawu, kamar yadda rabin garin ke yawo da motoci masu sunan waɗanda suka daɗe da mantawa da su. Kowa na cewa ai ba komai. Ba komai ɗin ne kuwa, har ranar da ya zama komai.

Washegari ta nemi izini ta tafi ofishin rajistar motoci, ko akwai wata hanyar da ba sai ta bi ta kan Kawu ba. Dogon zaure ne mai tagogi da ƙarafa, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. A layi, mutumin da ke gabanta yana ba na kusa da shi labari cewa motarsa ta bi hannu da yawa kafin ta zo gare shi, mai sunan da ke takardar kuwa babu wanda ya san ko yana raye. Yana faɗa yana dariya. Na kusa da shi ma ya yi dariya ya ce ai tasa haka take. Lauya ta kalle su ta ji kamar ta kama kafaɗunsu ta girgiza. Manyan mutane, masu iyali, sun zuba dukiyarsu a abin da ba za su iya nuna nasu ne ba, kuma abin dariya ne a wurinsu. Sai ta tuna abin da ya kawo ta, ta sunkuyar da kai.

Matar da ke bayan taga ta duba kwafin ta turo mata da su.

"Mai sunan ya zo da kansa, ko ya sa hannu a takarda, ta ciniki ko ta kyauta. Shaidu biyu. Katin shaidarsa."

"In na kawo shaidar cewa ni nake biyan inshora, ni nake gyara, ni nake hawa tun tuni fa?"

"Direba ma yana yin duk wannan. Na gaba!"

A bakin ƙofa wani mai jakar leda a hammata ya sha gabanta.

"Anti, me ya yi zafi? Ba ni sunan mutumin kawai. Kafin ki gama shan lemo zan kawo miki sa hannunsa. Har na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya muna samowa."

"Kai da ire-irenka ne kuka sa mutum ba ya iya sayen mota ya yi barci!"

"Allah ya ba ki haƙuri, Anti. In kin gaji da gaskiyar, ina nan gindin bishiya."

Daga nan ta wuce kantin Kawu. Kayan gini yake sayarwa: gwangwanayen fenti jere har rufi, bututu a jingine, kawunan famfo rataye a igiya. Babban ɗansa na zaune a gaba da ƙafa ɗaya kan buhun siminti yana latsa waya. Manaja ake ce masa, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin abin da yake gudanarwa. Abokin wasanta ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"A'a! Kotu ta iso. Wa kika zo ɗaurewa?"

"Wanda ke cin albashi yana gadin buhu."

"Gara ni. Ke fa, kullum kina leƙen haƙarƙarin mutane, har yau ba ki ga zuciyar da ta ce tana so ba."

"Na ga taka ai. Babu komai a ciki sai iska."

Ya yi dariya ya nuna mata ciki da leɓe.

Kawu na ofishin baya, babban mutum mai faffaɗar fuska, wanda in ya yi dariya har kujera ke amsawa. Alherinsa ba ƙarya ba ne, kuma wannan ne ya sa maganar ta yi nauyi. Shi ya biya mata makaranta. Shi ya tsaya a kan komai lokacin da babanta ya kwanta ciwo. Ta durƙusa ta gaishe shi, suka taɓa hira, sannan ta ce tana so ta mayar da motar sunanta, ta miƙa masa sabuwar takardar da ta buga.

Ya karanta yana motsa leɓe. Da ya zo kan "na sayar" sai ya ɗago ya kalli ƙofa, ya miƙe ya tura ta.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Kawu."

"Lauya, Lauya. Har yanzu ba ki daina ba." Ya yi murmushi, amma idonsa bai yi ba. "Ki canza. Ki sa na ba ki kyauta. Sai in sa hannu."

"Kawu, ai ba kyauta ba ce."

"To me ya ragu a jikinki? Motar dai ta koma sunanki. Ko ofishin ba sa karɓar ta kyauta?"

"Suna karɓa."

"To! Ki zo gida ranar Asabar, takardun asali suna can. Ki taho da uwarki ta yi shaida, ga ɗan'uwanki nan shi ma ya sa hannu. Magana ta ƙare."

Ta fito da takardarta a hannu kamar yadda ta shiga da ita. A mota ta kira Akanta. Ya ce shi ba ruwansa da ciniki ne ko kyauta, muddin mai sunan ya sakar mata. Sai dai sharaɗi ɗaya: zai zo ya ga mutumin da idonsa yana sa hannu.

A gida ta tarar da Inna tana ninke wanki a kan gado. Ta zayyana mata komai.

"To ai ya yi miki," in ji Inna. "Ki rubuta kyautar."

"Inna, kuɗina fa na ba shi. Ke kika raka ni har bakin ƙofa da ambulan ɗin."

"Na ce ba ki ba shi ba?" Inna ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ke ba ki san komai ba sai gaskiya, gaskiya. A lokacin nan kasuwa ta juya masa baya. Masu kawo masa kaya sun tsaya masa a wuya. Ki ce mutum kamar Yaya ya fito ya ce ya sayar da motar hawansa don ya rufa wa kansa asiri, kuma wa 'yar ƙanwarsa? Ko matarsa bai gaya wa ba. Da aka tambaye shi ina mota, bakinsa ya ce kyauta. Ya riga ya faɗa. Ki bar shi da abinsa."

"Ni kuma in zauna ana mini kallon wadda aka yi wa sadaka."

"An yi miki wadda ta fi mota. Ki yi shiru ki karɓi takardarki. Kuma kada ki ce masa sayarwa za ki yi."

"Mai sayen zai zo wurin."

"Sai ki ce abokin aikinki ne."

Lauya ta buga takardar kyauta. Kowace kalma da ta danna sai ta ji kamar tana tauna yashi.

Ranar Asabar suka isa gidan Kawu da hantsi, Inna a gaba kusa da ita, Akanta da bakanikensa na biye a motar haya. Bakanike ya tsaya waje wurin motar. A falo an shimfiɗa babban kafet, kujeru masu rufin leda sun zagaye ɗan teburin gilashi. Matar Kawu ta kawo ruwa da lemo. Kawu ya fito da tsohuwar jakar fata, ya zaro takardun asali ya ajiye, har sun yi ja don daɗewa. Manaja ya shigo yana miƙa, da alama daga barci aka taso shi.

"Yau ni ne shaida a kotun Lauya. Ina kuɗin zama?"

"Ka wanke fuska tukuna, kada a ce mai shaida bai cika hankali ba."

Aka yi dariya. Lauya ta shimfiɗa takardar kyauta a kan tebur, ta ajiye biro a gefe. Kawu ya gyara zama. Abu ya kusa ƙarewa. Sai Manaja ya juya ya kalli baƙon da ke zaune a ƙarshen kujera da tabarau a hanci yana leƙen takardun asali.

"Baba, sannu da zuwa. Ban gane ka ba. Daga asibiti?"

Inna ta buɗe baki, amma Akanta ya riga ta.

"A'a, ɗana. Ni ne mai sayen motar."



"Saye?" in ji matar Kawu. Ta ajiye faranti. "Wace motar? Kyautar da Alhaji ya yi miki za ki kai kasuwa?"

"Makaranta zan tafi, Anti. Kuɗin makaranta nake nema."

"Ikon Allah. Mutum ya cire motar hawansa ya ba ki, ya yi wata da watanni yana bin motar haya, mu muna kallo muka yi shiru, yau kuma ki kawo mai saye har cikin falonsa?"

Manaja ya daina dariya. Ya zauna sosai. "Tsaya, tsaya. Baba, ni shekara nawa ina roƙonka mota kana ce mini in yi haƙuri? In ita ta gaji da ita, ai ba sai an kai waje ba. Ga ni. Abin gida ya dawo gida."

Duk ido ya koma kan Kawu. Lauya ta ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kalli matarsa, ya kalli ɗansa, ya kalli baƙo. Ita kaɗai ce bai kalla ba. Hanya a buɗe take gabansa: kalma biyu kawai zai faɗa, "na sayar". Ta jira. Ta ba shi duk lokacin da yake buƙata.

Ya yi gyaran murya. "To... gaskiya maganarsu da ƙamshin gaskiya. Kyauta ba a kai ta kasuwa, Lauya, ba tarbiyyarmu ba ce. In kin gama da ita, ki bar wa ɗan'uwanki. Maganar makaranta kuma, zan ga abin da zan iya yi."

Zan ga abin da zan iya yi. Ta san wannan maganar. Ta ji ya faɗa wa masu neman bashin fenti.

Akanta ya ninke tabarau ya sa a aljihu. Manaja ya miƙo tafin hannu, rabi wasa rabi gaske. "Kawo makulli, Lauya. Zan riƙa rage miki hanya in na ga dama."

Ta ji yatsun Inna sun sauka a cinyarta tun kafin ta yi magana. Ta ɗauke hannun a hankali ta ajiye shi a kan kujera.

"Kawu, saya na yi."

"Ke!" in ji Inna.

"Saya na yi. Na kawo maka kuɗi a ambulan, a ofishin bayan kanti, ka sa a durowa. Ba a rage mini ko kwabo ba, ban kuma nemi ragi ba."

"Ƙarya kike!" Manaja ya miƙe tsaye. "Baba ne zai karɓi kuɗinki? Don kina so ki sayar shi ne za ki ƙulla masa sharri?"

"Inna ta sani. Inna, ki faɗa musu."

Inna ta zuba wa kafet ido. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da ta yi magana, da ƙyar aka ji.

"Ni ba na wurin."

Gaskiya ne, ba ta wurin. Lauya ta kalli uwarta. Babu takarda, babu shaida, babu rasit. Ita da ta fi kowa surutu a kan a rubuta a ajiye, ga ta zaune ba ta da abin nunawa sai bakinta. Ta buɗe jaka ta ciro makullin, ta ajiye shi a kan gilashin tebur. Ƙarar ta fi yadda ta zata.

"Ba ni da hujja, Kawu. Kai kaɗai ne hujjata. Ka ce ban biya ba. Ka faɗa da bakinka a gaban kowa, in tashi in bar makullin nan, kuma wallahi ba zan sake tayar da maganar ba har abada."

"Baba, ka faɗa mata mana," in ji Manaja.

Kawu ya ɗauki biro ya juya shi, ya ajiye. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Matarsa tana kallonsa, kuma a hankali fuskarta ta fara sauyawa, domin ta san shirun mijinta.

"Alhaji?" in ji ta.

"Baba?"

Ya ture takardar kyautar gefe da bayan hannu. Bai ɗago ba ya ce, "Waccan ta farkon, ta cinikin. Tana nan?"

Tana nan. Lauya ta ciro ta, ta miƙa da hannu biyu. Ya sa hannu a ƙarƙashin "na sayar", ya danna biron har ya kusa huda takardar.

Manaja ya tsaya baki buɗe. Sannan ya juya ya fice, ya bugo ƙofa har labule ya tashi. Matar Kawu ta kwashe kofunan da ba a sha ba ta shige ciki.

"Saura shaidu," in ji Akanta a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Lauya ta tura wa Inna biro. Inna ba ta ko kalle shi ba. Dole Akanta ya sa nasa hannun, aka leƙa waje aka kira bakanike, ya shigo yana goge tafi a wando, ya rattaba nasa yana waige-waige, bai san me ya tarar ba.

Kawu ya tattara takardun asali ya ɗora a kan ta cinikin, ya tura su gabanta tare da makullin. Ya miƙe. Wannan karon ya kalle ta, irin kallon da yake wa wanda ya gama sayayya a kanti.

"An gama ko? To, Malama, Allah ya sa an saya a sa'a. A sauka lafiya."

Tunda take, bai taɓa ce mata Malama ba.

"Kawu..."

Ya riga ya shige. Ta juya wurin Inna. "Mu tafi."

"Je ki. Zan taho daga baya."

"Inna, da me za ki taho?"

"Na ce ki je."

A waje rana ta yi zafi. Lauya ta jingina da motar. Ta yi nasara, ta sani, amma ta rasa inda daɗin yake. Abin da ke cinta shi ne duk wannan bai zama dole ba. Da an sa hannu a rabin shafi tun ranar farko, da an ɗan ji kunya ta minti ɗaya an wuce. An ƙi, an ce zumunci ya fi ƙarfin takarda, sai ga shi yau zumuncin ne ya biya.

Akanta ya shimfiɗa takardun a kan murfin mota yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko. Ya yi ɗan tari.

"'Yata, ki gafarce ni. Babu kwafin katin shaidarsa."

"Baba, don Allah."

"Ba ni ba ne. In babu shi, matar tagar nan za ta dawo da mu. Kin san haka."

Ta sani. Ta kalli ƙofar gidan, baƙin ƙarfe, a rufe. Daga ciki ana jiyo muryar Manaja sama-sama, da ta uwarsa, da wani sauti ƙasa-ƙasa da ta gane kukan Inna ne. Gidan da take shiga ba sallama tun tana rarrafe. Ta taka ta je ta ƙwanƙwasa. Shiru. Ta sake bugawa da ƙarfi.

Aka buɗe kaɗan, iya faɗin fuska. Matar Kawu ce.

"Kuma me ya rage?"

"Katin shaidar Kawu, Anti. Kwafi kawai zan yi in dawo da shi."

Aka rufe. Ta tsaya a rana tana jira, har ta fara tunanin ba za a dawo ba. Sai ƙofar ta sake motsi, hannu ya fito da katin tsakanin yatsu biyu. Ta karɓa.

"Ya ce in kin gama, ki aiko da shi ta hannun wani."

Aka mayar da sakata.